Matashin da Raƙiya ta ɗinka wa ƙanwarta

A Affala aka haifi Raƙiya, aure ya kawo ta Tawa. Da ƙuruciyarta babu mai kama ta a daka. Tana da shekara talatin da biyu ciwon daji ya kama mata nonon hagu, aka kai ta Yamai. Likitocin lokacin ba sa rage komai: suka cire nonon, suka kwashe naman ƙirjin har cikin hammata. Ta rayu, amma hannun ya kumbura ya yi nauyi, bai ƙara ɗaga taɓarya ba.

Sai ta koma kan keken ɗinki. Can ta ƙware da wani ɗan matashi na auduga wanda mace ke sakawa cikin riga, ƙirji ya daidaita. Daga Kalfu har Bambeye, duk wadda aka yi wa aiki, gidanta take fara sauka.

Bara ƙanwarta Kadidiya ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gujiya. Raƙiya ce ta koya mata laluben kanta, ita ce kuma ta tura ta asibiti. Ana tafiya da ita Yamai, Raƙiya ta zaɓi yadi mai laushi ta ɗinka mata matashi, tana ɗinki tana hawaye. Can ƙasan hawayen kuwa akwai wani ɗan daɗi da ba ta gaya wa kowa ba: za su zama biyu.

Ranar dawowa Raƙiya ta shiga da ƙunshinta, ɗaki cike da 'yan dubiya. Ta miƙa.

Kadidiya ta buɗe, ta yi dariya. "Yaya, ina zan sa shi? Wurin da mai shi. Ƙullutun kaɗai suka cire, sun ce na zo da wuri."

Mata suka yi ta hamdala. Raƙiya ma ta yi, da baki. Idonta na kan rigar ƙanwarta, cike hagu da dama.

Kwana goma sha ɗaya ba ta koma ba. Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu, ta san zumunci take kashewa, amma ƙafa ta ƙi. Da wuri? Ita ma ai da wuri ta je. Zamani ne bai jira ta ba.

Da hantsi Kadidiya ta zo da kanta, ta zauna bakin keke.

"Fushi kike da na warke, Yaya?"

"Ba da ke ba. Ke kin tafi kin dawo da kayanki. Ni rabi aka maido."

"To nuna mini. Shekara ashirin da takwas ban taɓa gani ba."

Raƙiya ta daɗe tana murza zare. Sannan ta tura ƙofa, ta ɗaga riga. Kadidiya ta kalla.

"Saura naki," in ji Raƙiya.

Kadidiya ta ɗaga tata rigar. Tabon bai fi tsawon yatsa ba. Raƙiya ta shafa shi, ta ja tsaki.

"Wannan ai ƙaya ce ta karce ki. Matso, kin sha kunu?"