Kaftin Sabi'u na Hindawiyya da safiyar gwaji

Shekara bakwai ke nan da muka ɗauki Yaya Sabi'u daga gidanmu na Hindawiyya muka kai shi Harami, aka yi masa salla bayan La'asar. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tasi nake ja a garin Makka. Ban saba rubutu a jarida ba. Amma bana wasu abubuwa sun faru da suka hana ni yin shiru, kuma na san duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a unguwannin Hausawan garin nan zai gane wanda nake nufi idan na ce Kaftin, sunan da ake kiran mai horar da 'yan wasa da shi a nan.

Iyayenmu daga Kano suka zo aikin Hajji suka zauna, a nan aka haife mu. Muna da iƙama, takardar izinin zama, amma ba mu da jinsiyya, wato ba a lissafa mu cikin 'yan ƙasa. Irinmu ake ce wa mawalid. A zamanin samartakar Yaya, wanda ba shi da jinsiyya ba ya buga wa kulob wasa, komai iyawarsa. Yaya ya san haka, amma da wani babban kulob na Jidda ya kira matasa gwaji, sai ya ɗauki takalmansa ya tafi. Ɗan baya ne, dogo, mai sauri. Waɗanda suka je tare da shi sun ce a gudu da tsalle babu wanda ya kama ƙafarsa. Da aka gama, mai horarwar ya nemi katinsa, ya duba, ya dafa kafaɗarsa ya ce da Larabci, "Asara." Yaya ya dawo gida ya ci abincin rana kamar kullum. Bayan 'yan makonni ya fara koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sana'ar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Mun ɗauka ya rabu da ƙwallo ke nan. Ashe wani abu ya gani a Jidda wanda bai bar shi ba. Ya ga yaran da ya san sun fi kowa iya wasa a unguwa an sallame su tun kafin a fito da ƙwallon, saboda gwajin kulob da awo yake farawa. A sa ka gajeren gudu a ga saurinka, a sa ka tsalle daga tsaye, ka zagaya 'yan robobin da aka jera a fili, ka yi dogon gudu har numfashi ya ƙare, likita ya murɗa gwiwarka ya saurari ƙirjinka. Wanda ya tsallake waɗannan ne ake bari ya taɓa ƙwallo. Yaya ya riƙa zuwa duk inda ake irin wannan gwaji yana kallo daga bayan waya, yana tambayar masu horarwa, wasu su amsa masa, wasu su share shi. A hankali ya zama mutumin da ake kai wa yaro idan gwaji ya matso.

Cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa, labarin Haruna ne ya fi zama a raina, domin da motata aka yi zirga-zirgarsa. Haruna ɗan maƙwabtanmu ne. Kakansa ya samu jinsiyya tun da daɗewa, saboda haka ƙofar da aka rufe mana a buɗe take gare shi. Yana jami'a a lokacin, yana karanta ilimin motsa jiki, kuma shi ne mai cin ƙwallaye a ƙungiyar jami'ar. Sunansa ya yi nisa har masu neman 'yan wasa suna zuwa kallonsa. Da wani babban kulob na Jidda ya kira shi gwajin farko, ya tafi kai tsaye daga makonnin jarrabawa, jiki ya yi nauyi, yana ganin sunansa ya riga shi isa. A gajeren gudu ya zo cikin na baya. A dogon gudu ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa. Aka ce masa Allah Ya ba da sa'a a gaba.

Ina shagon Yaya ranar da Haruna ya shigo, ransa a ɓace.

"Kaftin, shekaru ina cin ƙwallo a gaban mutanen nan, sun gan ni da idonsu. Safiya ɗaya ce za ta shafe wannan duka?"

Yaya bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba. Ya ce, "Ta riga ta shafe. A wasa kana da abokai da za su rufa maka asiri. A gwaji kai kaɗai ne da ƙafafunka. Gobe bayan Asuba ka same ni a ƙofar masallaci. Amma ranar da na ji ka bar aji saboda ƙwallo, mun rabu."

Haka suka fara. Kafin rana ta yi zafi suna kan matattakalan da ke hawa duwatsun Utaibiyya, tsakanin tsofaffin gidaje, Haruna yana hawa da gudu yana saukowa da tafiya, Yaya yana biye da shi da gorar ruwa. Daga nan su wuce wani filin ƙasa a bayan unguwar Zahir. Yaya ya koya masa yadda ake tashi daga tsaye ba tare da ɓata takun farko ba, da yadda ake juyawa ba a ɗora wa gwiwa nauyi ba. Ya raba shi da shinkafar tsakar rana mai maiƙo da lemon kwalba. Mahaifiyar Haruna har ta aiko tana tambaya ko yunwa ce sabon horon. Na sha ɗauko su da safe, Haruna a kwance a kujerar baya ba ya iya magana, Yaya a gaba yana gutsurar burodin tamis yana tambayarsa darasin da za a yi musu ranar. Kusan shekara suka yi a haka, yaron ya sake jiki gaba ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki gwaji na biyu, jijiyar bayan cinyar Haruna ta ja a wajen atisaye. Ba ta tsinke ba, amma ba ya iya buɗe ƙafa. Wani abokinsa ya kawo shawarar allurar da ke kashe zafi na 'yan awoyi, a yi gudun a wuce wurin, daga baya a yi jinya. Haruna ya amince, mahaifinsa ma ya amince, domin shekarun yaron sun fara tafiya, kuma babban kulob ba ya kiran mutum sau uku. Yaya kaɗai ya ƙi. Ya ce jijiyar da ta ja idan aka yi gudu a kanta ba a ji ba, tsinkewa take yi, kuma shi ba zai tsaya a bakin fili yana kallon yaron da aka ba shi amana yana yaudarar likita ba.

Ban taɓa yin tafiyar Jidda mai tsawon ta wannan safiya ba. Da muka isa, Yaya ya wuce wurin masu gwajin ya gaya musu halin da ake ciki, ya roƙi a ɗage wa yaron rana. Suka saurare shi da mutunci, suka ce ba su da wata ranar. Likitan ya duba cinyar ya ce gaskiya Kaftin ya faɗa. Muka juyo. A hanya Haruna ya kifa kansa a kujera yana kuka, Yaya yana kallon titi.

Da yamma mahaifin Haruna ya zo gidanmu. Dattijo ne da muke girmamawa, tare suka yi zaman masallaci da mahaifinmu. Ya tsaya a ƙofa bai shigo ba, ya ce, "Sabi'u, abin da aka hana ka shi ka hana ɗana." Na ga maganar ta shiga Yaya, domin sai da ya riƙe ƙyauren. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, ka yi haƙuri. Idan ƙafar ta warke, ina nan inda ya saba samuna." Ya shiga ɗaki, ranar bai ci abinci ba. Makonni suka wuce Haruna yana sauya hanya idan ya hango shi. Yaya bai daina tsayawa a ƙofar masallaci bayan Asuba ba, har wata safiya yaron ya zo ya tsaya kusa da shi, takalma a hannu, ba tare da wani bayani ba.

Bayan ƙafar ta warke, wani ƙaramin kulob na rukuni na ƙasa ya kira shi. Ashe ɗaya daga cikin mutanensu yana wurin ranar da Yaya ya yi magana a Jidda. Haruna ya yi gwajinsu da lafiyayyar ƙafa, ya zo na gaba a gudu, suka ɗauke shi. Ba babban kulob ɗin da ya yi mafarki ba ne, kuma ba zan ce bai yi rashi ba. Amma ya buga wasa na shekaru, ya kuma gama jami'a kamar yadda aka yi sharaɗi. Ranar da ya ci ƙwallonsa ta farko muna filin. Mahaifinsa ya taso daga inda yake zaune, ya zo ya zauna kusa da Yaya, ya zuba shayi daga butarsa ya miƙa masa. Yaya ya karɓa da hannu biyu. Iyakar sulhun ke nan, kuma ya ishe su. Ba a yi shekara ba ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya, ya tafi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Filin ƙasar nan na bayan Zahir yanzu dogon gini ne a kansa. Wasu daga cikin matattakalan da suka sha guminsu an rushe su tare da gidajen. Gwajin ma ya sauya. An ce yanzu wata 'yar riga ake sa wa yaro mai na'ura a baya, ita ke faɗin saurinsa da bugun zuciyarsa. Na tabbata Yaya zai so ya taɓa ta ya ga yadda take aiki, gyaran inji ne sana'arsa. Na kuma tabbata zai ce na'urar ba ta san wanda ya fito daga jarrabawa ba, ba ta san wanda mahaifiyarsa ke asibiti ba, saboda haka dole wani ya tsaya kusa da yaron.

Babban abin da ya sauya shi ne an buɗe wa mawalid ƙofa. Da aka sanar za a yi wa irinmu gwaji, matasa suka yi dafifi daga Makka da Jidda da sauran garuruwa. Ɗana Anas yana cikinsu. Haruna, wanda yanzu malamin motsa jiki ne a wata makaranta, shi ya shirya shi, da irin tashin Asubar nan da irin sharaɗin nan na karatu. Anas ya tsallake awon, ya taɓa ƙwallo, wani kulob ya nemi katinsa. Ya miƙa iƙamarsa, irin wadda Baffansa ya miƙa, aka duba aka ce ya zo ranar Asabar. Da ya gaya mini ina tuƙi, sai da na gangara gefen titi na kashe mota. Farin cikin ya zo mini haɗe da wani ɗaci, don na san mutumin da ya fi kowa cancantar jin wannan labari ba ya nan.

A maƙabartar garin nan ba a rubuta suna a kan kabari. Idan na je ziyara yanzu, ɓangaren kawai nake ganewa, in tsaya in yi addu'a ga kowa da kowa. Yaya bai bar gida ba, bai bar kofi ba, ba a taɓa buga hotonsa a jarida ba. Na daɗe ina ganin abin da ya bari shi ne waɗanda suka yi nasara a hannunsa, ina lissafa su ina alfahari.

A watan da ya wuce na ɗauki wani mutum daga bakin wani asibiti, sanye da farar rigar ma'aikata. Ya yi ta kallona ta madubi, can ya kira ni Ammi, wato Baffa, ya ce da Hausar da Larabci ya cinye rabinta, "Ammi, kai ɗan'uwan Kaftin Sabi'u ne?" Na ce ƙaninsa ne. Na tambaye shi wane kulob ya buga wa. Ya yi murmushi ya ce babu ko ɗaya, sau biyu ya je gwaji sau biyu ya faɗi. Bayan na biyun ya kulle kansa a ɗaki, ya ce ya bar jami'a, ya bar komai. Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofarsu. Kaftin ne. Bai yi masa maganar ƙwallo ba, cewa ya yi ya sa kaya. Ya raka shi a ƙafa har inda ake hawa motar jami'a, ya tsaya sai da motar ta tashi. Haka ya riƙa yi kullum har yaron ya koma zuwa da kansa. Yanzu shi ne mai gasa ƙashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya a asibitin. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ya faɗi gwaji a cikinsu ya san wannan ƙwanƙwasar.

Ɗaki ɗaya muka kwana da Yaya tun muna yara, gida ɗaya muka zauna har ya rasu, amma ban taɓa sanin wannan ba, bai taɓa faɗa ba. Na sauke mutumin a ƙofar gidansu, ya leƙo ta taga ya ce yana sa Kaftin a addu'a tare da mahaifinsa. Allah Ya karɓa masa, Ya karɓa mana, Ya sa Yaya Sabi'u ya samu wanda zai tarbe shi a can kamar yadda ya tarbi 'ya'yan mutane a nan.