Mahaifina a Rukuni Uku

Shekarar da na dawo Konni daga Yamai da ɗan ilimin kwamfutata, zama wuri ɗaya ya gagare ni. Da safe ina sibar bakin tasha, shagon da ake hayar kwamfuta da intanet, da azahar ina gida ina shan harara, da la'asar na sake komawa. Mahaifina ya riga ya yanke magana: in damina ta faɗi ban nuna masa abin da za a kira aiki ba, zan bi motar ƙanensa zuwa Sakkwato in koyi tuƙi. Ni kuwa ko warin gas ɗin motar nan ba na so.

Ana nan sai wata ƙungiyar 'yan garinmu ta ce in yi mata shafi a intanet, don waɗanda ke Abijan da Legas su riƙa ganin na gida. Shugabansu ya kawo hotunan mambobi, har da na mahaifina. Yana son in mutum ya latsa manoma, ya ga manoma kaɗai, in ya latsa direbobi, direbobi kaɗai.

Na ce wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Na zuba kowa a ma'ajiyar bayanai, na ba kowace sana'a lamba. Da yaren kwamfuta na PHP na rubuta 'yar tambayar da ke karɓar lambar da aka latsa, ta je ma'ajiya ta ce a kawo masu wannan lamba kawai. Na gwada, ta yi. Na fita bakin titi ina kallon 'yan kabu-kabu kamar ni na ƙera baburansu.

Murnar ba ta kwana ba. Da na zo kan mahaifina sai na tsaya. Da damina yana gonarmu ta hanyar Bazaga, da rani yana jan motar albasa, ga tumaki a bayan gida da ya fi kula da su fiye da mu. Gurbi ɗaya na bar wa kowa, kuma rabin mutanen ƙungiyar haka suke. Wa ke rayuwa da sana'a ɗaya a garinmu? In na sa shi a direbobi, ya ɓace daga manoma, shi da ke cewa gero ne mutuncin gida.

Sai da na rushe aikin. Na yi wani teburin bayanai dabam mai haɗa mutum da duk sana'o'insa, na gyara tambayar ta riƙa bi ta cikinsa. Wuta ta ɗauke, na tashi na zaga tasha. Ta dawo, layin intanet ya tsinke. Waƙafi ɗaya da na manta ya cinye mini yini guda, na zagi na'urar har mai sibar ya ce in ji tsoron Allah. Kullum in na fito sai na ɗaga kai gabas, ga hadari yana ta haɗuwa.

Ranar da na gama, da ƙyar na jawo mahaifina bayan sallar la'asar. Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran allura. Na latsa manoma, hotonsa ya sauko a hankali, hula tukuna, sannan fuska. Na latsa direbobi, ga shi. Na latsa masu kiwo, ga shi kuma.

Ya daɗe yana kallo.

"To, na ga kaina wuri ukku," in ji shi. "Kai hwa? Taɓa naka mu gani."

Na ce babu nawa. Ban yi rukunin masu irin aikina ba, don ni kaina ban ɗauke shi sana'a ba. Kunya ta kama ni.

Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Wanda ya yi ma mutane rumbu ba ya kwana waje. Ka buɗe wani, ka sa kanka ciki."

Bai sake yi mini zancen mota ba. Na zauna na ƙara sabon rukuni, na sa kaina ciki, na latsa shi don gwaji. Hoto ɗaya ne ya fito, kuma na daɗe ban rufe shafin ba.