Ƙarfe Bakwai na Iya

Murhu dai babu shi a hawa na tara a Vénissieux ta Faransa, sai shofaj, ƙarfen ɗumama ɗaki da ke manne a bango. Nan Iya, kakata, take jingina bayanta da yamma ta yi mini tatsuniya. An kawo ta daga Damagaram don aikin ido ina 'yar shekara takwas. Ta baro ƙanwarta Hajo, wadda tun tasowarsu ba su taɓa rabuwa ba.

Kafin ta taso sun yi alkawari. Kullum ƙarfe bakwai na yamma, idan rediyo ya yi ɗan kukan nan na cikar awa, kowace za ta kira sunan 'yar'uwarta ta yi mata addu'a. Iya ta ƙi yarda da agogon kicinmu, wai maƙaryaci ne. Sai Baba, da ke aiki a jami'a a Villeurbanne, ya shigo da wani sabo, ya ce wannan ba a gyara shi. Wata tasha can Jamus ke aiko masa lokaci ta iska, shi kuwa ya ji ya bi.

Iya fa sai ta gani da idonta, ko da ido ɗaya ne ke aiki. Ta sa na zare pil ɗin, wato batirin, muka jima, na mayar. Can sai hannayen suka kama gudu su kaɗai, ba wanda ya taɓa su, suka tsaya cak. Da rediyo ya yi kukansa, dogon hannun yana kan sha biyu daidai. Iya ta daɗe tana salati.

Ranar ta ce, "Ƙawata, matso, ga wata tatsuniya nan tafe." Wai wasu tagwaye ne, ɗaya ta bi ayarin gishiri ta zauna can nesa. Suka shirya cewa da tauraron farko ya fito, kowace za ta buga taɓarya sau uku a turmi, ƙasa ta kai sautin ga 'yar'uwarta. Wata damina hadari ya rufe sama, ta nesan ta yi kirdado ta buga da wuri. Shiru. Ta sa kuka, ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, alhali ta gidan tana can riƙe da taɓarya tana duban sama. Na tambayi yadda aka ƙare, Iya ta ce in je in ci tuwo.

Ƙarshen Maris, wata Lahadi, Faransa ta ƙara awa guda a agogonta, kamar yadda take yi duk shekara. Agogon ya gyara kansa, rediyo ma ya bi. Baba yana Paris, mu kuwa ba wanda ya tuna cewa Nijar ba ta taɓa agogonta. Iya ta ci gaba da kiran Hajo da bakwai, tana dai mamakin rana da ta ƙi faɗuwa.

Bayan kwana biyar Baba ya dawo da kaset da wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba shi a unguwar Barbès, saukar Alhajin ke nan daga Damagaram. Shi ya fara lura, ya ce, "Iya, ai yanzu shida ce a Damagaram." Ta nuna masa kaset ɗin, ya kunna. Muka ji awaki, muka ji rediyo daga nesa yana kukan cikar awa, sannan muryar Hajo.

"Yaya, bakwai ta yi, ga ni. Kwana uku ke nan ban ji ki ba. Lafiya dai?"

Iya ta share hawaye da gefen mayafinta, ta juya kujera ta fuskanci agogon, ta zauna jiran takwas.

Na girma, na karanta yadda saƙon yake ratsa iska, na gane shi sarai. Yadda Hajo ta sani ne har yau ban gane ba. Su biyun sun rasu, wata biyu tsakani. Agogon yana ɗakina a Lyon, bai taɓa kuskure ba, sai dai bai san wanda ke jira a wancan gefen ba. Duk shekara idan ya ƙara awarsa, ni takwas nake jira in kira sunayensu.