Labarin da Ban Kai wa Dada Ba

A gidanmu da ke gefen Burumburum tatsuniya tana da ƙa'ida, kuma Dada, mahaifiyar babanmu, ita ce mai ƙa'idar. Sai an ɗaure maruƙa. Sai an ci tuwo an wanke hannu. Sai an tara kara an hura wuta a ƙofar ɗakinta. Bayan haka ne take fitowa da 'yar kujerarta, mu jikoki mu jeru, babba a damanta, ƙarami a jikin ƙafarta. Ni ne babba, saboda haka hura wutar aikina ne, kuma ban taɓa yarda wani ya taɓa min shi ba.

Mu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya. Muna noma dawa da masara, muna da 'yan shanu da awaki. Hausa muke yi a gida, sai in ran Dada ya ɓaci ne take juyawa zuwa Fulatanci. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Takan ce, "Ga baƙuwa ta fito daga daji, wa zai sauke ta?" Mu ce, "Ta iso, akwai tabarma." Ni kuwa ba ta kirana da sunana. Angona take ce min, irin wasan kaka da jika.

"Ku dubi angon nawa," takan ce wa ƙannena, "ƙafafu kamar sillen kara, ko ɗankwali bai taɓa saya min ba."

"Ni ba na auren mai haƙori uku," in ce.

"Huɗu ne, ɗan boko. Lissafin ma ba a koya maka ba."

Babu wanda yake yi wa Dada irin wannan magana a gidan sai ni. Akwai kuma mutum ɗaya da ita ba ta yi wa magana ko kaɗan, wato Baba. Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi aka ba yayar mijinta ta riƙe shi, kamar yadda ake yi. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In dole ta yi zancensa sai ta ce "mai awakin gidan nan". In ya durƙusa gaishe ta da safe, takan amsa tana kallon ƙwaryar da ke hannunta. Na taso na ga haka, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Da sanyin shekarar 1980, ina aji biyar, Baba ya ɗora awaki a mota zai kai Kano. Ya ce kwana uku zai yi. A rana ta huɗu bayan la'asar aka aike ni bakin titi sayo kananzir. Ina tsaye sai ga motar da ta tafi da asuba ta dawo da kayanta a ɗaure, buhu ko ɗaya ba a sauke ba. Direban ya sauko ya zauna a ƙasa, ya ce a ba shi ruwa.

"Kowa ya ɗauki kayansa," ya ce. "Birni ba ya shiguwa."

Aka ce, lafiya?

"Mabiyan wani mai wa'azi ne suka tare unguwa guda, da wuƙaƙe da kwari da baka. Wanda suka kama yanka shi suke yi, babba da yaro. 'Yan sanda sun je, su ma an kashe su. Mutanen da na gani suna gudu a hanya, wallahi wasu ko takalmi babu."

Wani dattijo ya ce, "Ta wane gefe?"

"Can wajen masu awaki."

Wannan ne farkon jina da cewa mutane za su iya tashi da sunan addini su kashe wanda ba su sani ba, wanda bai yi musu komai ba. A lokacin ba mu san kalmar ta'addanci ba, rikici kawai ake cewa. Na bar kwalbar a nan na ruga gida. Na faɗa wa Baffa Sule, ƙanen Baba. Ya sa na maimaita masa sau biyu, sannan ya kama hannuna muka tafi zauren mai unguwa, inda rediyo take. Da ma ni nake murɗa wa dattawa tasha, don na san lokutan labarai kuma ina tsintar Turanci. Rediyo ta ce akwai tarzoma, kowa ya zauna a gida. Ba ta ƙara komai ba.

Da muka dawo mahaifiyata tana ɗaki tana kuka a hankali. Tuwo ya huce ba wanda ya ci na kirki. Sai na ji muryar Dada daga ƙofarta.

"Angona, yau amarya za ta kwana da sanyi ne?"

Na hura wutar ina haɗiye fushi. Ƙannena suka jeru. Ta kira baƙuwarta, suka ba ta tabarma, ni ban buɗe baki ba. Tatsuniyar da ta yi ba mu taɓa jin ta ba.

Wai wata zabuwa ce ta yi ƙwanta na fari. Matar gida ta ɗauke shi ta sa wa kaza, kamar yadda ake yi wa ƙwan zabi. Kaza ta ƙyanƙyashe, ta rene shi cikin 'ya'yanta. Zabuwa ba ta taɓa kiransa ba, ba ta taɓa tona masa tsaba ba. Sai dai kullum da yamma takan hau reshen da ya fi tsawo a kan tsamiya, inda ake hango akurki. Wata rana ɗan ya tafi kiwo cikin ciyawa mai nisa, sai gobara ta tashi a dajin. Zabuwa ta ga hayaƙi. Ta je wajen kaza, ta tsaya, ta kasa magana, ta dawo. Ta je wajen zakara, ta gaishe shi, ya amsa, ta dawo. Sai ta tuna da ɗan ƙadangaren da ke kwana a kan katanga, abokin wasanta, wanda duk abin da aka faɗa a zaure yana ji. Ta je gindin katanga tana waƙa:

"Ɗan ƙadangare na kan katanga,
Kunnenka ya kai zaure, nawa bai kai ba."

Sau uku Dada ta rera wannan, ƙannena suna amshi. Sai ta tsaya. Ta tura kara cikin wuta, ba ta dube ni ba, ta ce, "To angona, in kai ne ƙadangaren, me za ka ce mata?"

Yau in na tuna, ina mamakin yadda magana a fili haka ta wuce ni. Amma shekaruna goma sha biyu, cikina cike da tsoro, kuma a makaranta an koya min cewa tambaya ita ce wadda aka yi ta kai tsaye. Na miƙe tsaye.

"Dada, babana yana inda ake yanka mutane, ke kuwa zancen kaji kike yi. Tun la'asar ko tambayarsa ba ki yi ba. Daga yau ki nemi mai hura miki wuta."

Can sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "To, ango ya yi yaji."

Ƙannena suka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ƙulle min zuciya.

Kwana tara na yi ina zuwa zauren mai unguwa safe da yamma. Duk abin da aka faɗa ina riƙe shi a jere. Ranar da aka ce an ƙaro 'yan sanda. Ranar da aka ce sun ja da baya. Ranar da wani mutumin Bebeji ya biyo da hannu a naɗe, ya ce ya bar gawarwaki a kan titi. Ranar da aka ce soja sun shiga da manyan bindigogi. In na dawo sai in wuce kai tsaye ɗakin mahaifiyata in zayyana mata, na farko, na biyu, na uku, ba na tsallake komai.

Hanyar ɗakin ta ƙofar Dada take bi. Kullum sai na same ta a zaune a wurin, ko da rana ta take.

"Angona, ba a gaida amarya?"

"Ina wuni," in ce, ban rage sauri ba.

"Zo ga fura na dama maka."

"Na ƙoshi."

Da aka ce ƙura ta lafa, Baffa Sule ya tafi Kano. Kwana uku ya yi. Ya sami mutumin da Baba yake sauka a wurinsa, mutumin ya ce masa ranar da abin ya fara, da safe, Baba ya fita ba awaki ruwa, daga nan ba a ƙara ganinsa ba, shi da awakin. Baffa ya zaga asibiti, ya zaga inda ake tsare da mutane. A ƙarshe aka gaya masa cewa waɗanda aka kwashe daga tituna an binne su a rami ɗaya, ba suna.

Ba wanda ya shiga ɗakin Dada ya gaya mata. Ta dai ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ta ga liman ya zo. Mata suka shiga yi mata gaisuwa, tana amsawa, "Hukuncin Allah ne," idonta a bushe. Na leƙa na gani, na ce a raina, ai da ma na faɗa. Tun daga nan ba ta ƙara yin tatsuniya ba. In yara suka matsa mata sai ta ce maƙogwaronta yana ciwo.

Bayan damina biyu ta kwanta ciwon ajali. Ta aika a kira ni. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Har yanzu yajin ne, angona? Ba biko?"

"Sannu da jiki, Dada."

Ta zuba min ido tana jira. Da na ga zaman ya isa sai na ce Allah ya ƙara sauƙi, na tashi na fita. Kwana biyu tsakani ta rasu.

Shekara goma sha uku na yi ina ganin ni ne da gaskiya. Na gama firamare, na sami aikin kula da sito a Tudun Wada, na yi aure. Ranar sunan 'yata ta fari Goggo Hansai, ƙanwar Baba da ke aure a Ɗansoshiya, ta same ni na ɗauki jaririyar ina kiran sunanta a gaban mutane.

"Kai, ajiye ta," ta ce. "'Yar fari ce fa. Bokon naka har kunya ya cinye?"

Na ce, "Goggo, ni ba zan zama kamar Dada ba, da aka kashe mata ɗa ko gezau ba ta yi ba."

Goggo ta ajiye ƙwaryar da take riƙe da ita. Ta ja ni bayan rumbu, inda ba kowa.

"Kai dai da girmanka ba ka da wayo," ta ce. "Wa kake so ta tambaya? Uwarka, surukarta, za su zauna su yi zancen mijinta? Ko Sule, da in ya shiga gaishe ta kansa a ƙasa har ya fito? Ni ina Ɗansoshiya. Duk gidan nan mutum ɗaya ne za ta yi wa magana ba kunya, kuma shi ne yake zuwa wajen rediyo."

Sai ta ci gaba.

"Da na zo zaman makoki, bayan mata sun watse, ta riƙe hannuna ta ce, Hansai, wace rana ce abin ya same shi? Na ce ban sani ba. Ta ce, da safe ne ko da yamma? Na ce wallahi Dada ban sani ba. Sai ta ce, yaron nan ya sani, amma yana fushi da ni."

"Me ya hana ki gaya min tun lokacin?"

"Ta ce kar in yi. Wai maraya ne kai, a bar ka da abin da ke ranka."

Aka ci gaba da shagalin suna, ni ina tsaye bayan rumbu har aka kira azahar.

Ni mutum ne mai son a faɗi magana yadda take. A wurin aiki an san ni da haka, 'ya'yana ma sun sani, kuma ban canza ba. 'Yata ta fari har yau da sunanta nake kiranta. Ban ce al'adar da ta ɗaure bakin Dada daidai ce ba. Amma ba ita ta ƙirƙiro ta ba, a ciki aka haife ta, kuma duk da haka ta nemi hanya. Ta zauna ta ƙaga tatsuniya sukutum don ta yi tambaya ɗaya. Ta yi ta a gaban yara, ta sake yin ta kwana tara a bakin ƙofa da ƙwaryar fura, ta sake yin ta a kan shimfiɗar mutuwa. Ni da nake taƙama da riƙe labari, ban iya jin tambaya ba.

Waɗanda suka kashe Baba ban san fuskarsu ba, shari'arsu tana gaban Allah. Abin da yake nawa shi ne kwana taran nan. Har yau suna kaina a jere, abin da direba ya ce, abin da rediyo ta ce, abin da Baffa ya dawo da shi. Na ba mahaifiyata, na ba abokan aiki, na ba 'ya'yana. Matar da ta haife shi kuwa ta tafi kabari ba ta san ko da safe ne ko da yamma ba. Da safe ne, Dada. Ya fita ba awaki ruwa.