Baba Mai Fosta

Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Labarin maƙwabcinmu ne, wanda bango ɗaya ya raba ɗakinsa da namu shekara goma sha ɗaya. Ku yaran gida Baba Mai Fosta kuke ce masa.

Ni ba mai sauraron kiɗa ba ce, Allah ya sani. Wanki da guga nake yi, da su na riƙe ku bayan rasuwar babanku. Abin da ya haɗa ni da aikinsa sitaci ne. Kullum da safe in na dama na kayan mutane sai in ƙara masa rabin bokiti mai kauri, da shi yake manna fostocin wasan makaɗa a bangon gari. Na taɓa tambayar malaminmu ko ina da laifi a ciki. Ya ce sitaci na ba shi, ai ba ganga na kaɗa ba. Na ci gaba, amma ina haɗawa da istigfari.

Da can fentin gidaje yake yi. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, yarinya mai murya, in tana wanke-wanke tana waƙa har masu wucewa kan rage tafiya. Da ta girma sai wani mai jita, dogo haka, ya ɗauke ta 'yar amshi a ƙungiyarsa. Uban ya hana, ta nace. Ina shanya a tsakar gida ranar da ya ce mata, "In kin fita da jakar nan, kada ki dawo." Ta fita. Ba a yi wata uku ba ya ajiye fenti, ya je wurin mai buga fosta ya nemi aikin mannawa. Bai gaya wa kowa dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don ba sai an gaya mini ba.

Shi ma bai iya karatu ba, kamar ni. Mai bugawa zai faɗa masa ranar wasa da inda za a yi sau ɗaya, shi ke nan ya zauna a kansa. Kafin shekara ta zagayo babu wanda ya kai shi sanin harkar wasa a garin nan. Ya san mai gangar da ya yi fushi ya koma wata ƙungiya, ya san zauren da janaretansa ya mutu, ya san wanda ya sa wasa rana ɗaya da abokin hamayyarsa don neman magana. Samari sukan tare shi a hanya, shi yana kan tsani da buroshi, su tambaye shi wa ke wasa ranar Lahadi. Wani mai aski yakan zolaye shi, wai ga rediyo mai ƙafa, ba ya cin batir sai sitaci. Amma duk sanin nan bai taɓa shiga zauren wasa ba, iyakarsa bangon waje.

In fostar mai jita ta fito, yakan ware guda ɗaya mai tsabta ya kawo mini bakin ƙofa. 'Yar tana can gefe, bayan masu ganga, fuskarta ba ta fi babban yatsa ba. Sai ya ce, "Maman yara, duba mini, idona ya yi rauni. Ta rame ne ko hasken ne?" In duba in ce lafiyarta lau. Wata shekara suka matso da ita gaba, da shuɗin ɗankwali, tana murmushi. Ranar har ya saya muku alewa. Daga nan kowace fosta haka take fitowa, da ɗankwalin da murmushin, shi kuwa ya ce alhamdu lillahi, tana nan, tana cikin rufin asiri. Ya shiga ɗaki ya ci abincinsa shi kaɗai. Ta bango nake jin ƙarar cokalinsa.

Bara ya kwanta ciwo sati biyu, babu mai leƙa shi sai mu. Da ya tashi ya ce mini ya ga abin da ya gani, ba zai mutu da maganar nan a wuyansa ba, zai je ya janye ta a gaban 'yarsa. Na wanke masa farar rigarsa, na goge ta sau biyu. Ranar mai jita yana da wasan yamma, ya yi la'asar ya fita.

Kafin magariba ya dawo. Ya zauna a kan dutsen da nake wanki, rigar ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya ce ya zauna a gaba, lasifika na dukan ƙirjinsa, 'yan amshi uku suka hau dandamali, babu ita. Da aka huta ya je ya sami mai jita. Mutumin ya ce ai ta bar su ta fi shekara ɗaya da rabi, ta koma wani babban gari, tafiyar yini guda a mota, tana waƙa da wasu. Hoton kuwa tsoho ne. Mai bugawa rana da wurin wasa kawai yake canzawa, hoton ƙungiya ba ya taɓa shi sai an kawo masa sabo, su kuma ba su kai ba.

"Da hannuna nake manna ta," in ji shi. "Ni nake cewa tana nan."

Ni ma ai na duba na ce lafiyarta lau. Na kawo masa ruwa ya yi alwala.

Sati uku ya ƙara yana aiki. Masu tambayarsa wasa ya ce musu su karanta da kansu. Sannan wata safiya ya miƙa wa mai gida makullin ɗaki, ya bar mana katifarsa da murhu, ya ce zai bi ta can garin. Na ce masa garin da bai san kowa ba, a shekarunsa, a ina zai kwana? Ya ce duk garin da ake kiɗa akwai bango, kuma akwai mai neman wanda zai manna masa.

Sau ɗaya ya kira, a wayarki, kin tuna, wata biyu da suka wuce. Ya ce ya sami aiki wurin wani mai bugawa, yana kwana a shagon. Ya ce zaurukan wasa tara ne a garin, kuma yanzu ba ya yarda da hoto, shiga yake yi ya zauna har a tashi, ya duba 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga huɗu. Na tambaye shi ko akwai wanda ya san ta. Ya ce wani ya ce kamar ya taɓa jin muryar, amma bai tabbata ba.

Na ce masa ina sa shi a addu'a bayan kowace salla. Ya ce ya gode, saura biyar. Sai katin ya ƙare.