Mutumin da Ke Gaida Bango

A da, kullum da safe, kafin shaguna su gama buɗewa, za ka ga wani dattijo yana bin ginin nan ɗaki-ɗaki, yana ɗora bayan hannunsa a kan kowane makunnin wuta. Wani makunnin ya kasa masa kunne, wani ya shinshina shi. Mai gyaran wutar ginin ke nan, teloli suka sa masa Mai Gaida Bango.

"Baba, yau bangon ya amsa kuwa?"

"Ya amsa, ɗana. Naka ma zazzaɓi yake yi, kashe dutsen gugar nan."

Shi a wurinsa makunni ba ya mutuwar farat ɗaya. Sai ya yi ɗumi, ko ƙauri, ko 'yar ƙara. Da wuri yake ɗaure notin da ya saki, ya canza wayar da ta yi baƙi.

Ku tambayi mai ƙyanƙyasar kaji ta shagon ƙarshe. Ƙwan farko da ta zuba a inji suna dab da fashewa, makunnin shagonta ya fara yankewa. Baiwar Allah ta tokare shi da tsinken ashana, ta rataya kalanda a kai. Da safe Baba ya ɗaga kalandar, ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

"'Yata, kaji kike so ko gasasshen ƙwai?"

Idonta ya kawo ruwa, don gyaran sai an kashe wuta, kuma in ƙwan suka huce shi ke nan. Ya ce ta lulluɓe injin da bargo. Ya kashe wutar shagon, ya kwance makunnin, sai ga tururuwa danƙam, buhun dusar da ke ƙasa ne ya jawo su. Ya sa sabo, ya ja buhun gefe. Da ta leƙa, ƙwan na nan da ɗuminsu. Washegari kukan 'yan tsaki ya hana teloli hira.

Baba, kai ne ka sa ba mu da labarin gobara da za mu bayar. Ga shi gwiwa ta ce ka huta, kuma wallahi muna kewarka. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu tasowa a sana'ar, ku koyi zuwa kafin a kira ku.

Jiya ya leƙo gaisuwa, ya tarar da mai kaji tana bin bango da bayan hannu, teloli biyu a bayanta. Ya tsaya daga ƙofa yana murmushi.

"To, ya amsa?"

"Lafiya lau yake, Baba," ta ce. "Kai yake tambaya."