Kunnen Baba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Bosso, aka ce kowa ya haɗa na'ura da hannunsa. Na zaɓi ikwalaiza, akwatin nan da ke rarraba sauti, ka ɗaga wanda kake so, ka danne wanda ba ka so. Zane biyu na samu. Ɗaya mai maɓalli goma, wanda malaminmu ke gani ya washe baki. Ɗayan mai maɓalli uku, abin tausayi. Ni kuwa ina son maki kamar raina.

Amma akwai wani kaset a gidanmu na unguwar Limawa. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta aiko masa shi daga Bida, don ba ta rubutu, sai ta zauna gaban rikoda ta yi wasiƙarta da baki. Ta rasu da daɗewa. Baba kuma ƙarar jirgin ƙasa ta cinye masa kunne a wurin aiki, in aka sa kaset ɗin ba ya jin komai sai shuuu. Zaren kaset ɗin ya yi laushi, kowane juyi yana ƙara cinye shi, har Baba ya hana a taɓa.

Na kai zanen biyu unguwar Fadikpe, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin kudancin Kaduna, shi ke kula da lasifikar cocinsu. Na zaci zai yaba mai goman. Ko minti ɗaya bai yi yana kallonsa ba.

"Yarinya, wanene zai ji wannan abu?" ya tambaye ni.

"Malamina."

"Malamin yana da kunne. Wanene ba shi da shi?"

Raina ya ɓaci, amma na ba shi labarin Baba da kaset ɗin, washegari kuma na ɗauko Baba a keke. Dattijon ya zaunar da shi, ya riƙa sako masa sauti ɗaya-ɗaya, daga mai kauri zuwa siriri, ya ce in ya ji ya ɗaga hannu. Na tsaya baki buɗe. Hannun yana tashi, yana tashi, sai aka zo wani wuri ya kwanta a cinya. Ashe kurumtar ma tana da iyaka, har ana iya auna ta a rubuta a takarda!

"Nan muryar tsohuwa take," in ji shi, ya ɗora yatsa. "Kawo maɓallai ukun nan duka ki tara su nan."

Haka na yi. Na sauya lissafin kafasita, ƙananan kayan cikin akwatin da ke tace sauti, na ƙona yatsu da dalma har sati biyu. Malaminmu ya juya akwatin, ya taɓe baki, ya ba ni makin da ba na faɗa wa kowa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba ya miƙo kaset ɗin da kansa. Na murɗa maɓalli na farko, shuuu ɗin ya ja baya. Na murɗa na biyu. Sai ga ta, tsaf, kamar tana bayan labule, tana kiran sunansa na yarinta, tana gaishe shi da Nufanci. Wayoyin da na liƙa da hannuna ne fa.

Baba ya sauko daga kujera a hankali, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa gaban lasifikar. Mu ba a amsa gaisuwar uwa daga kan kujera.